Inna Huraira Mai Karatun Shanya

Inna Huraira ba ta tafiya irin ta sauran mutane. Duk mai ratsa lungunan Gyadi-Gyadi da damina ƙasa yake kallo saboda kwata da taɓo, ita kuwa kanta a sama yake, tana bin katangun mutane da ido kamar wadda kazarta ta tsere. Sau nawa ta zurma ƙafa a kwata, sau nawa silifas ɗinta ya tsinke a hanya. Yaran unguwa cewa suke tsuntsaye take ƙirgawa, ita kuma ba ta taɓa tanka musu ba. Ni ma ranar da na fara lura da ita dariya na yi. Yau na haura shekara ashirin ina aikin jinya, ban haɗu da malamin da ya kai ta ba, kuma ban cuci wani mahaluki kamar yadda na cuce ta ba.

A Ƙauyen Alu aka haife ta, tun ana noman gero a wuraren da yanzu gidaje suka cinye. Aure ne ya kawo ta Gyadi-Gyadi, gidan Malam Audu magini. Ta haifi shida, biyu suka tafi a mako guda, a wata damina da amai da gudawa ya shigo unguwa tun kafin a haife ni. Ta gaya mana daga baya cewa mutuwar ba ita ta fi ci mata rai ba, don duk mai rai mamaci ne. Ɓoyon da suka yi shi ne bai bar ta ba. A wancan zamani idan aka ji gida da wannan ciwo, duba-gari ne zai zo ya fasa randa ya rufe rijiya, maƙwabta su daina sayen ƙosan gidan, a riƙa nuna matar gida da baki ana cewa ƙazama ce. Saboda haka ita da mijinta suka ja bakinsu suka yi shiru, suna ta jiƙe-jiƙe a ƙuryar ɗaki har yaran suka ƙare.

Bayan rasuwar Malam Audu ta sami aikin shara da goge-goge a wani ƙaramin asibiti a Tarauni. A can wata ma'aikaciyar jinya ta koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsabta cikin kwalbar lemo biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, sukari cokali goma. Ta ce ranar da ta ga an kawo yaro ranga-ranga, aka yi ta ɗiga masa wannan ruwa har ya buɗe ido ya nemi nono, jingine tsintsiyarta ta yi ta zaga bayan asibitin ta yi kuka mai isarta. Gishiri da sukari duk akwai su a ɗakinta makon da 'ya'yanta suka rasu.

Daga nan ta tara mata bakwai waɗanda sana'arsu ke shigar da su gidaje, akwai ungozoma da mai kitso da mai wankau da dillaliya. Sun raɗa wa kansu wani dogon suna mai ƙungiya da taimakon juna a ciki, amma ba wanda ya taɓa kiransu da shi. 'Yan moɗa ake ce musu, saboda duk gidan da suka shiga, ruwan sha suke fara roƙa. Ba su da ofis, ba su da rajista, ba wanda ya taɓa ba su ko ƙyallen atamfa. Haka suka shafe wajen shekara goma sha biyar suna wannan aiki, soja na hawa mulki suna sauka, babu wanda ya san da su sai matan unguwa.

Ni Hafsah, na shigo labarin ne a shekarar da soja suka koma bariki, 1999. Ina aji biyar a wata sakandaren 'yan mata, kuma gaskiya kaina yana hayaƙi, don ni ke ɗaukar na ɗaya. Malamarmu ta kimiyyar lafiya, Malama Nkemdilim, wadda muke kira Malama Nkem, ta ce ta gaji da ɗalibai masu haddace sunayen ƙwayoyin cuta alhali ba su san inda kwatar gidansu take zuba ba. Sai ta rarraba mu ga ƙungiyoyin unguwanni, mu riƙa bin su kowace Asabar mu rubuta rahoto. Wasu aka tura su wurin 'yan aikin gayya masu yashe magudanai a Unguwa Uku, wasu wurin ungozomomi a Unguwar Gano. Ni da ƙawata Bukola, haifaffiyar lungunmu wadda ta fi ni iya habaici da Hausa, aka ce mu bi 'yan moɗa. Na ji haushi sosai. Ina ganin me tsohuwar da ba ta iya rubuta sunanta ba za ta koya mini.

Asabar ta farko muka je da farin hijabi da littafi da biro. Inna Huraira ta dube mu sama da ƙasa, ta ce lallai yau unguwa ta yi baƙin likitoci, sannan ta nuna littafina da haɓa.

"Wannan a jaka zai zauna, 'yar nan. Gidan mutane ba aji ba ne."

Ba mu yi nisa ba, gida huɗu tsakani da nata, ta ja ta tsaya ta tambaye mu me muka gani a kan katanga. Bukola ta ce wanki. Ta ce mu ƙirga. Nafkin ne na jariri guda goma sha ɗaya, da ledar shimfiɗa, da zanin gado, da zanin goyo biyu. Ta ce jariri mai lafiya ba ya ɓata fiye da huɗu ko biyar a yini, kuma ga shi hantsi bai gama ɗagawa ba amma har wasu sun bushe wasu suna ɗiga, wato an yi wanki sau biyu kafin mu zo. Cikin yaron gidan nan ya ɓaci tun jiya. Ashe abin da take kallo ke nan duk shekarun nan. A lungunanmu tsakar gida ba ta da faɗi, igiya ɗaya ba ta isa, kowa a kan katanga yake baza ragowar shanyarsa, ita kuma tana bi tana karantawa.

Gidan Lawan mai gyaran babur ne, matarsa Zainab tana suyar waina ta sayarwa. Muka yi sallama muka shiga. Inna ta zauna ta miƙe ƙafa, aka gaisa, aka sake gaisawa, ta tambayi ruwan sama, ta tambayi kasuwa, ta yi ƙorafin gwiwarta. Ciwo kam ko da wasa ba ta ambata ba. Can ta ce ƙishirwa take ji, kuma ba ta yarda a kawo mata ba, ita da kanta ta tashi ta je randa. A nan take ganin ko da murfi, ko moɗar a rataye take ko a ƙasa inda kaji ke bi, ko sai hannu ya nutse kafin a ɗebo. Da ta sha sai ta rataye moɗar a ƙusa kamar ba da gangan ba, ta dawo ta miƙa hannu ta ce a ba ta mijinta, tunda ya daina zuwa zance.

Mu'awiya sunan yaron, watansa takwas. Tana yi masa wasa tana cewa ya yi mata rowar kuɗin cefane, amma ni da ke kusa na ga babban yatsanta yana shafa maɗigarsa, na ga ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta saki tana duban yadda za ta koma, ta leƙa bakinsa da idanunsa. Sannan ta shiga labarin jikan wata ƙawarta, wai shi ma haƙori ya sa shi zawo, ga abin da aka haɗa masa. Ta ce a miƙo kwalba ta nuna, don wata rana ko maƙwabta za su buƙata. Ta haɗa, ta ɗanɗana, ta ce kada ya fi hawaye gishiri. Zainab ta karɓa tana dariya ta fara ba yaron da cokali. Har muka fito ba wanda ya ce akwai marar lafiya a gidan.

A zaure Inna ta tsaya ta kama gefen zaninta ta kakkaɓe, ta ce mu ma mu kakkaɓe namu. Dokar 'yan moɗa ke nan. Abin da ido ya gani a cikin gida a zauren gidan ake barinsa, ko a tsakaninsu ba sa kiran sunan gida, sai dai su ce wani gida a wajen masallaci. Muka kakkaɓe hijabanmu muna ƙunshe dariya.

Asabar tara muka yi muna binta. Girman kaina bai kai mako na uku ba. Na ga ranar da ta taɓa maɗigar wata jaririya ta ji ta faɗa, nan take wasa ya ƙare, ta ce wa uwar ta ɗauko mayafi, wannan ya wuce kwalba sai ƙarin ruwa a asibiti. Ita ta goya jaririyar da kanta, duk wadda ta tambaya a hanya ta ce awo za su kai ta. Ta koya mana cewa mutanenmu suna ɗaukar faɗawar maɗiga wani ciwo ne daban, sai su kwaɓa magani su liƙa a kai, alhali ruwan jikin yaro ne ya ƙare. Wannan ganewar, ta sanin yaushe kwalba ta isa yaushe ba ta isa ba, ita ce ainihin aikinta, kuma sai ta ɗauki yaro a hannu take iya yinsa. Mu'awiya ya warke sarai. Zainab ta riƙa ajiye mana waina mai zafi duk Asabar.

Abin da Inna ba ta sani ba shi ne, ina kakkaɓe hijabi a zaure, ina isa gida in zauna in rubuta komai. Na ja layi da rula na yi jadawali mai kyau: sunan maigida, lungunsa, halin rijiyarsa, yara nawa suka kwanta. Gida ashirin da uku. Na ware babi guda na bayyana karatun shanya dalla-dalla, ina ta yabonta, a zatona ɗaukaka ta nake yi. Bukola ta leƙa ta ce, ke Hafsah, wannan fa ba shi muka yi da Inna ba. Na ce takardar makaranta ce, wa zai gani. Malama Nkem ma da ta duba ta ba ni makin da ya fi na kowa, amma ta ce in cire shafin sunayen kafin ranar ba da kyaututtuka, don za a baje rahotannin a tebur baƙi su gani. Na ce to. Ban cire ba. Shafin ya fi kowanne kyau, kwana biyu na yi ina jan layukansa, na ji ba zan iya yaga shi ba. Dalilin ke nan, babu wani, kuma na daɗe ina neman wanda ya fi shi ban samu ba.

A wannan shekara kowa ɗan siyasa ne. Wanda jiya ba ya iya ɗaga ido ya kalli kofur, yau ya ɗinka babbar riga ya kafa kwamiti. Cikin baƙin da aka gayyata akwai Alhaji Isyaku, dillalin filaye, wanda ya nemi kansila aka kayar da shi tun a zaɓen fid da gwani. Bai haƙura ba, ya tara samari ya ɗinka musu riguna iri ɗaya, ya ce su ne kwamitin tsabtar unguwa, yana neman abin da zai nuna wa manya ko a tuna da shi a rabon muƙamai. Ya tsaya a teburin ya buɗe rahotona, ya daɗe a kan shafin nan. Ya sa aka kira ni, ya ce irinmu ne manyan gobe, ya roƙi aron takardar ya yi kwafi. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ranar aka ba ni takardar yabo, mahaifiyata har da guɗa.

Asabar ta gaba muna karyawa muka ji lasifika a bakin lungu. Alhaji Isyaku ne a bayan buɗaɗɗiyar mota, samarinsa riƙe da gwangwanayen jan fenti da guduma, ga mai ɗaukar hoto. Ya ce zamanin duhu ya wuce, yanzu mulkin jama'a ne, kuma bincike na ilimi ya gano gidajen da ke yaɗa cuta. Ya fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, yadda na jera su. Gidan Lawan ne na farko. Da ya gama ya ƙara da alfahari cewa kada wanda ya yi tunanin ɓoyewa, don ko shanyar gida suka kalla sun san abin da ke ciki, ya karanto babin nan nawa kusan duka, har da sunan Inna Huraira da roƙon ruwan da take yi. Ina tsaye a bayan ƙyaurenmu ina jin kalmomina suna fita daga bakinsa.

Suka bi gidajen suna zana ƙatuwar alamar kuskure da jan fenti a ƙofa, irin wadda malami ke yi wa daƙiƙi. Rijiyoyi suka kifa musu langa-langa suka buga ƙusa. Kwana biyu suka yi suna wannan, aka ɗauki hotuna, daga nan ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. Ko sabulu ɗaya ba su raba ba. Na ji daga baya ya sami abin da yake nema a wani ofis, Allah ya sa ya ji daɗinsa. Masu rijiya suka ɓalle ƙusoshinsu cikin mako guda, amma fentin mai ne, ya yi shekara da shekaru a ƙofofin.

Ba wanda ya tambayi wa ya rubuta. Wa ke shiga gidajen, wa ke shan ruwansu? Huraira. Aka ce ta sayar da unguwa, aka ce an yi mata alkawarin kujerar Makka, aka ce dama duk shekarun nan leƙen asiri take yi. Wainar Zainab ta riƙa kwana a roba, har masu sayen yau da kullum suka koma wani lungu, ta kife tandarta. A bangon zauren Lawan akwai rubutun nan na ba a shiga da ake yi saboda maza, sai ya ɗauki gawayi ya ƙara a ƙasa: har 'yan moɗa. Mai kitso ta rasa kawuna, mai wankau ta rasa kaya, 'ya'yan ungozoma suka ce ta zauna a gida. Kafin wata ya ƙare ƙungiyar da ta shekara goma sha biyar ta watse.

Sai da na kwana shida kafin na iya zuwa wurin Inna. Na same ta tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na faɗa mata komai ina kuka, har da maganar Malama Nkem da ta Bukola. Ba ta daina tsintar ba sai da na gama.

"Kina kakkaɓe hijabinki kuwa?"

"Ina kakkaɓewa, Inna."

"To. Ashe a jaka kike fitowa da shi."

Na ce zan bi gida-gida in faɗa musu ni ce. Ta ce kul. Ta ce ita tsohuwa ce, sunanta ya riga ya gama abin da zai yi mata, ni kuwa yarinya ce a tsakiyar lungu, idan aka sani ni da uwata ba za mu sake shan ruwa da daɗi a Gyadi-Gyadi ba. Kuma ai ita ta shigar da mu, wanda ya buɗe ƙofa shi ke da laifin abin da ya shiga. Ta sa na yi mata alkawarin yin shiru. Zan faɗi gaskiya tunda na fara: na yi alkawarin da sauri, kuma da na fito daga gidan sauƙi na ji a raina. Wannan sauƙin ya fi rubutun da na yi ƙona mini zuciya har yau.

Ba ta daina fita ba. Kowace safiya tana bin lunguna kanta a sama, a tsakiyar watan Agusta, ruwa kamar da bakin ƙwarya, lokacin da ciwon ya fi kama yara. Amma katangu sun canza. Sai rigunan maza da zannuwa da kayan makaranta, nafkin ko ɗaya babu, kamar an daina haihuwa a unguwar. Mata sun ji abin da lasifika ya faɗa, kowace ta mayar da shanyar jaririnta cikin ɗaki. Idan ta yi sallama ta roƙi ruwa, ba a hana ta, don Bahaushe ba ya hana ruwa, sai dai a aiko mata da shi zaure a kofin baƙi, a ce matar gidan tana wanka. Haka za ta sha a tsaye ta yi godiya ta wuce. Wata rana na ci karo da ita a hanya, ta ce mini da murmushi, likita, an rufe mini littafina.

A farkon Satumba, ranar wata Juma'a da hantsi, muka ji salati daga gidan Lawan. Mu'awiya ne. Kwana uku yana amai da gudawa, gida huɗu tsakaninsa da Inna Huraira, tana wuce ƙofar sau biyu a rana.

Ta'aziyya ba a hana kowa shiga. Bayan an kai shi Inna ta biyo ta gidanmu ta ce in raka ta, ban san dalili ba, ban kuma iya cewa a'a ba. Muka wuce ƙarƙashin rubutun gawayin, wasu matan suka kawar da kai. Zainab tana ƙuryar ɗaki. Taga a rufe take, ɗakin yana warin danshi. An ja igiya daga ƙarfen taga zuwa ƙusar bayan ƙofa, ga nafkin jere a kai, wasu ba su bushe ba. A gindin gado ga kwalbar lemo biyu da ƙaramin cokali, ga kuma wani kasko da ragowar baƙin kwaɓin da wata tsohuwa ta kawo aka liƙa masa a maɗiga.

Inna ta zauna ta yi addu'a, ta ce Allah ya sa mai ceto ne. Zainab ta amsa, sannan ta ɗago ta dube ta.

"Na haɗa yadda kika koya min, Inna. Kwalba biyu, ban ƙara ba ban rage ba. Yana sha yana dawowa. Sau uku ina ɗaukar mayafi in zo wurinki, sai in tuna jan fentin nan in ajiye."

Inna ta ɗaga kai. Idonta na kan igiyar, na ga leɓenta yana motsi, ƙirgawa take yi. Goma sha huɗu ne, ni ma na ƙirga. Da a katanga suke da tun ranar Laraba ta gani, da ta goya shi ta ce awo za su. Ina zaune a bakin ƙofa, kalma uku kawai ake buƙata daga bakina, ni na rubuta. Na dubi Zainab, na dubi matan da suka cika tsakar gida, na haɗiye.

Da muka fito ta tsaya a zaure kamar yadda ta saba. Ni har na kama gefen hijabina ina jira. Ta ɗan jima a tsaye hannunta a kan zaninta, sannan ta sake shi ba ta kakkaɓe ba, ta fita. Daga ƙofar Lawan har gidanta ƙasa take kallo.

Shekara biyar ta ƙara a duniya, ban sake ganin ta ɗaga kai ta dubi katangar kowa ba, ba ta kuma sake roƙon ruwa a gidan wani ba. Mutane suka ce tsufa ne ya sunkuyar da ita. Da ta rasu an yi mata sutura yadda ya kamata, amma na ji da kunnena wata tana cewa Allah ya yafe mata abin da ta yi wa unguwa, wasu suka ce amin. Nan ma ban yi magana ba. Takardar yabon tana nan cikin gilashi a ɗakin mahaifiyata, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa.

Alkawarin da na yi wa Inna na riƙe shi fiye da yadda ya kamata, kuma ba don ita na riƙe ba. Lawan yana nan da rai, ya bar gyaran babur ya koma sayar da kayansa a bakin titi, Zainab ma tana nan, jikokinta har na yi wa biyu rigakafi da hannuna tana sa mini albarka. Wanda duk ya karanta wannan a Gyadi-Gyadi, don Allah ya je ya karanta musu. Huraira ba ta taɓa fitar da sunan gidan kowa daga zaure ba, ko rubutu ba ta iya ba. Ni ce na rubuta, ni Hafsah ta lungun bayan masallaci, kuma an ce in cire shafin na ƙi.